Taƙin Baba

Daura,
Jihar Katsina.

Zuwa ga Yayata Rahmatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa irin ta ƙani ga yayarsa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigida Alhaji Sagir da 'ya'yana Zulfa da Rauda. Allah Ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, Ya sa albarka a kasuwa, Ya sa zaman Kumasi ya ci gaba da zame muku alheri. Mu ma a nan gida lafiya lau muke, sai godiyar Ubangiji. An gama kaka, gero ya yi kyau ƙwarai, gyadar Inna ta gonar hanyar Zango ce kawai ta ɗan ba mu kunya. Inna tana nan, gwiwa tana damunta in ta daɗe a zaune, amma baki garau yake, kin dai san ta. Matata Asma'u ta shiga wata na bakwai, ba abin da take so sai yalo da ƙuli-ƙuli, mun kusa azurta mai yalon ƙofar gida da ciniki.

Na san za ki yi mamakin ganin takarda daga wurina alhali ga waya a hannun kowa. Labarin da nake ɗauke da shi ya fi ƙarfin waya, musamman irin tamu da ke yankewa daidai inda zance ya yi daɗi. Da na ji direban motar albasa zai taso zuwa wajenku, sai na ce bari in zauna in rubuta miki komai tiryan-tiryan, ki karanta a natse, in kin ga dama ki sake karantawa.

Maganar Baba ce. Duk sanda kika kira yakan ce miki ya warware, mu ma mukan taya shi faɗin haka don kada hankalinki ya tashi, amma yau zan gaya miki gaskiya tunda ta zama mai daɗin faɗi. Wata tara ke nan da hawan jini ya kayar da shi. Ƙafa ta dawo, yana takawa da sanda, harshe ma ya saki. Hannun dama ne ya ƙi, yatsun suka lanƙwashe suka ƙi buɗewa sai kaɗan. Tun daga nan Baba ya sa hannun cikin riga ya ɓoye, ya kuma ɓoye kansa a ɗaki. Bai ƙara zama a ƙofar gida ba, salla ma a ɗaki yake yi. In abokansa na kasuwar shanu suka zo dubiya sai ya ce a ce yana barci. Motsa hannun da likita ya ce a riƙa yi masa kuwa, ko zancen ba ya so. Mutumin da duk kasuwa ta sani da Ɗanbaba, wanda ya yi shekara arba'in yana dillancin shanu, wanda ciniki ba ya faɗawa sai ya kama hannun mai saye da na mai sayarwa ya haɗa, shi ne yake jin kunyar a ce salamu alaikum a miƙo masa hannu. Wallahi Yaya, wannan ya fi ciwon kansa ci mana rai. Na fara tsoron a ɗakin nan zai ƙare sauran kwanakinsa.

To, ga yadda Allah Ya kawo mafita ta inda ba a zata ba. Da damina, wata rana aiki ya yi sanyi a shagon kafinta, ina duba waya na ga mutanen wata ƙasa, manya da gemunsu, sun kewaye tebur suna wasa da 'yan ƙananan sojoji na roba, suna auna tafiyarsu, suna gardama kamar gaske. Na yi dariya, daga baya kuma abin ya tsaya mini a rai. Na ce mu ba mu da hulɗa da sojoji, amma muna da shanu. Na haɗa tebur mai baki, na zuba yashi, na yanka koren ƙyalle na shimfiɗa a matsayin gonaki, na bar siririn burtali a tsakaninsu, na binne gwangwanin tumatir a ƙarshen tebur ya zama rijiya. Na roƙi Gwaggo Ummukulsum mai tukwane ta gina mini shanun yumɓu kamar tsawon yatsa, ta gasa su tare da tukwanenta. Ta yi mini tsiya son ranta, wai ɗan Ɗanbaba guda da mata da ciki ya koma wasan ƙasa, amma ta yi su, kuma sun yi kyau. Na shafa musu fenti, wasu farare, wasu jajaye.

Dokar wasan ba ta da wuya. Mutum biyu ne, kowa da garken shanu goma da kura ɗaya. In layi ya zo kanka, ka tura shanu uku, kowace ta yi tafiyar taƙi ɗaya, wato daga babban yatsa zuwa yatsan tsakiya in ka buɗe hannu. Ko kuma ka fasa tura shanu ka tura kurarka ta tare wa abokin karawa hanya. Saniyar da ta taka gona an kama ta, sai ta zauna layi biyu. Wadda kura ta riske ta ita kaɗai, ta tafi ke nan. Wanda ya fara kai shanu bakwai rijiya ya ci. Mu huɗu muka fara a shago, kafin wata biyu matasa da magidanta sun fara cika mini ƙofa, har wasu daga Sandamu da Zango suka sa na haɗa musu nasu teburin.

Wata rana ina shanya sababbin shanu a tsakar gida, sai na ji muryar Baba daga ɗaki yana cewa in kawo masa jar nan ya gani. Na kai masa. Ya karɓa da hagu, ya juya ta, ya ce wanda ya yi wannan ƙaho bai taɓa ganin rahaji, wato jar saniya, ba, ƙahon rahaji tashi yake yi sama ya buɗe, ba ya lanƙwasa kamar na rago. Ya yi ta faɗa kusan rabin awa a kan tozo da wuya. Ni kuwa daɗi kamar ya kashe ni, don rabon da in ji ya yi dogon zance haka tun kafin ya kwanta. Da na fito na ce wa Inna zan haɗa gasa, kuma a ƙofar gidan nan za a yi, ƙarƙashin dalbejiya, daidai tagar Baba. In bai fito don mu ba, wataƙila ya fito don shanu. Inna ta dube ni ta ce hankalina bai cika ba, sannan ta tambaye ni mutum nawa za a dafa wa abinci.

Ashe haɗa taro ba wasa ba ne, ko da taron wasa ne. Na fara da mai unguwa, ya ce ba matsala in dai ba za a tare hanya ba. Na je wurin liman da saniya ɗaya a aljihu, ya saurare ni har ƙarshe, ya kafa sharaɗi biyu: kada a sa kuɗi a tsakani, kuma da an kira salla a bar shanu su huta. Na yi kwana goma ina haɗa tebura huɗu, Gwaggo Ummukulsum ta gasa shanu tamanin da kuraye takwas, bakwai suka fashe a wuta ta sake wasu. Asma'u ta zauna da cikinta tana shafa fenti har hannunta ya yi ja kamar ta sa lalle. Muka aro bencina daga islamiyya. Mutum goma sha shida suka ba da suna, shida daga cikin gari, sauran daga Zango da Sandamu da Mashi. Cikin na Mashi har da Malam Mahdi, tsohon abokin Baba na kasuwa, wanda kika sani ba sa haɗuwa sai sun yi wa juna tsiya. Sau uku yana zuwa dubiya ana ce masa Baba na barci, da ya ji labarin gasa ya aiko a rubuta sunansa ko dokar bai sani ba. Shi ne ma ya kawo ɗan akuya a kan babur ya ce a ba wanda ya zo na ɗaya.

Ranar Asabar da hantsi ƙofar gida ta cika. Babura sun yi layi, Inna da maƙwabta sun yi waina da dambu, ga zoɓo a randa. Na zuba sunaye a hula aka yi ƙuri'a, kowa ya san abokin karawarsa. Na tsaya na karanta doka da ƙarfi, ina satar kallon tagar Baba. Labulen yana sauke, amma na lura an ɗan ja gefensa. Na ce a raina alhamdu lillahi, rabin aiki ya yi.

Sai kuma kuskurena ya fito fili, kuskuren da har yau in na tuna sai in rufe fuska. Mu huɗun da muka fara wasan a shago hannuwanmu kusan ɗaya ne, don haka bai taɓa zuwa mini a rai cewa taƙi ya bambanta ba. A tebur na biyu ƙuri'a ta haɗa Amadu mahauci na Sandamu, mai hannu kamar faifai, da Kalilu tela na Zango, wanda yatsunsa ba su fi na Zulfa ba. In Amadu ya buɗe hannu sau ɗaya sai Kalilu ya yi biyu bai kamo shi ba. Kafin Kalilu ya fita daga bakin burtali, shanun Amadu sun sha ruwa sun ƙoshi. A tebur na huɗu kuma aka gano wani ya tara farce a yatsan tsakiya, yana aunawa har da farcen. Nan fa wuri ya kaure. Kalilu ya ce wannan ba gasa ba ce, gwajin hannu ne, da an faɗa masa da ya turo ƙaninsa mai dakon buhu. Amadu ya ce shi bai ari hannun kowa ba, da shi aka haife shi, kuma doka ta ce taƙi, ba ta ce taƙin tela ba.

Ki duba fa, Yaya, ni kafinta ne, abin awo yana rataye a ƙuguna tun safe. Na zaro shi na ce to a tsayar da inci. Sai aka buɗe sabuwar gardama: masu manyan hannu suka ce inci tara, masu ƙanana suka ce shida, wani dattijo ya ce shi a rayuwarsa bai taɓa jin an kora shanu da inci ba. Duk lambar da na faɗa sai a ce na karkata wajen wani gari. Mutanen Zango suka fara neman takalmansu, ɗaya har ya hau babur. Gumi ya jiƙa mini riga. Ba kunyar watsewar taro ce ta fi damuna ba. Tunanina shi ne Baba yana ji ta taga, zai ga ɗansa ya tara mutane a ƙofarsa ya kasa riƙe su, ya ƙara jan labulensa.

Ana cikin haka Malam Mahdi ya buga sandarsa a ƙasa. Ya ce shi ya san hannu ɗaya a ƙasar Daura da ba a taɓa yi wa gardama ba, shekara arba'in yana raba rigimar mai saye da mai sayarwa, kuma mai hannun yana bayan katangar nan. Ya tambaya ko akwai wanda ba zai yarda da taƙin Ɗanbaba ba. Ba wanda ya musa, har na kan babur ya kashe mashin. Ni kuwa na matsa kusa da Malam Mahdi na raɗa masa halin da hannun yake ciki. Ya ture ni da kafaɗa ya ce ya sani, ya yi sallama ya shige gida kai tsaye.

Abin da ya faru a ɗaki Inna ce ta ba ni labari, don tana bakin ƙofa tana ji. Ta ce Malam Mahdi ko sannu da jiki bai yi masa ba. Cewa ya yi shanu tamanin sun cika ƙofar gida, ciniki ya rikice, dillali kuma ya shige ɗaka ya yi lulluɓi kamar amarya. Baba ya ce ya rabu da shi, ba shi da hannun da zai nuna wa mutane. Da Malam Mahdi ya matsa masa, Baba ya ce to a zo a auna na hagu a tafi. Malam Mahdi ya ce tun da uwarsa ta haife shi bai taɓa ganin an ƙulla ciniki da hagu ba, kuma ba a kansa za a fara ba. Mutane hannun Ɗanbaba suka ce, ba su ce lafiyayye ko marar lafiya ba. Can sai Inna ta ji Baba ya ce a miƙo masa hularsa.

Ina tsaye wajen tebur na biyu na ji ƙarar sanda a zaure. Yaya, na kasa ɗaga kai da farko. Ya fito cikin farar rigarsa, a hankali, Malam Mahdi yana gefensa bai riƙe shi ba. Mutane suka miƙe tsaye gaba ɗaya. Ya yi sallama, aka amsa kamar a masallacin Juma'a. Ya zo bakin tebur ya daɗe yana kallon shanun, sannan ya zaro hannun daga cikin riga ya ɗora a kan yashi, a gaban mutum sama da hamsin. Hannun ya rame, yana karkarwa. Ya yi ƙoƙarin buɗe shi har jijiyar wuyansa ta tashi, yatsun suka buɗe iyakar abin da za su iya, bai ma kai taƙin Kalilu ba. Na durƙusa da karan dawa da wuƙa, hawaye ya hana ni ganin inda zan yanka. Sai ya ce mini in share ido in auna da kyau, kada in sake ba shi kunya sau biyu a rana ɗaya, kafintan da ya manta da awo. Wurin ya fashe da dariya, ni ma ina dariya ina kuka.

Na yanka kara takwas daidai wa daida, kowane tebur biyu. Amadu mahauci ya ɗauki nasa ya ɗora a tafin hannunsa, ya ce wannan ai ko babban yatsansa ya kusa fin sa, amma tunda na Baba ne ya karɓa. Sannan ya miƙa wa Baba hannu. Baba ya ba shi na dama, Amadu ya haɗa hannayensa biyu ya riƙe. Daga nan kowa ya taso, aka yi layi ana gaisawa, sai da aka ɗauki lokaci kafin a koma wasa.

Aka soke zagayen farko aka sake daga tushe, kuma abin mamaki, gajeren awon ya gyara wasan. Da shanu suka daina tsalle suka koma takawa, sai dabara ta fito. Kura ta zama abin tsoro, dole mutum ya tafi da garkensa a haɗe. Illar kawai ita ce gasar da na tsara a gama da la'asar sai da ta kai mu Lahadi, baƙi suka kwana a zaurukan maƙwabta, Inna ta sake ɗora tukunya tana mita tana murmushi. Aka sa wa Baba kujera a tsakiya ya zama alƙali. In an yi musu ko saniya ta taka gona, shi ke dubawa ya yanke, ba mai ɗaukaka ƙara. Malam Mahdi ya fita tun zagayen farko, kura ta cinye masa shanu huɗu, Baba ya ce dama can haka yake kiwo. Ni an fitar da ni a zagaye na biyu, a wasan da ni na ƙirƙira. Kalilu ya rama abin da Amadu ya yi masa, amma shi ma ya faɗi a wasan ƙarshe a hannun Malam Usman, wani malamin firamare daga Mashi da bai yi magana goma ba tun da ya zo. Ɗan akuya dai ya koma Mashi a kan babur kamar yadda ya zo. Da aka kira magariba ranar Asabar ɗin, mutane suka nufi masallaci, Baba ya ɗauki sandarsa ya bi su. Tun daga ranar sahu bai wuce shi ba.

Bayan kwana biyu na ce bari in yi abin kirki, tunda kara ba ya daɗewa. Na samo katako mai kyau zan fere awon in shafa masa mai ya zama na dindindin, don mutanen Zango da Sandamu sun aiko kowa yana son nasa, suna ta kiransa taƙin Ɗanbaba. Baba ya gan ni a ƙofar gida ya tambayi abin da nake yi. Da na gaya masa sai ya ɓata rai, ya ce in mayar da katakona shago. Ya ce awon bana na bana ne, a bar shi a kara, domin baɗi sai an sake aunawa. Wa ya gaya mini hannun a nan zai tsaya? Yanzu kullum bayan ya karya kumallo yakan sa a ajiye masa kara ɗaya a kan tabarma, ya ɗora hannu yana ja yana buɗewa, Inna tana shafa masa man zafi. Ya yarda na kai shi asibiti ranar Talata an nuna masa yadda zai riƙa motsa yatsun. Jiya ya kira ni in zo in shaida da idona: yatsan tsakiya ya wuce bakin karan da kamar faɗin ƙwayar dawa. Ya ce in rubuta miki wannan, kada in rage kada in ƙara.

Ki gaishe mini da Alhaji Sagir da kyau, ki ce muna godiya da addu'o'insa da ɗawainiyarsa. Ki shafa mini kan Zulfa da Rauda, akwai shanu biyu-biyu nasu a cikin ƙullin kuka da daddawar da Inna ta aiko, na naɗe su a tsumma, a buɗe a hankali. Inna tana gaishe ki, ta ce ki rage tunani ki riƙa cin abinci. Asma'u tana gaishe ki tana neman addu'ar sauka lafiya. Gwaggo Ummukulsum da Malam Mahdi duk sun ce a miƙa gaisuwarsu. Baba kuma ya sa miki albarka, ya ce ya ji kina shirin tahowa dubiya, to ki fasa, babu marar lafiya a gidan nan. In za ki zo, ki zo ganin gida, za ki same shi a ƙofa.

Allah Ya sada mu da alheri, Ya bar zumunci.

Ni ne ƙaninki mai ƙaunarki,
Sadiq.